Tsohon da ya ɗaga labule

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai sanyin Filadelfiya ya sa ni gaba.

Sanyin ne ma ya kora ni cikin gidan zane-zane na Pennsylvania Academy ranar Asabar, sai na yi kiciɓis da wani tsoho ya cika bango. Charles Willson Peale ne, ya zana kansa a 1822 yana da shekara 81. Ga sanƙo, ga baƙaƙen kaya, ya ɗaga jan labule da hannun dama kamar mai cewa bismillah, ku shigo. Bayan labulen gidan tarihinsa ne, tsuntsaye jere reras har ƙurya. A ƙasa ga talotalo, ga ƙasusuwan wata dabbar zamanin da mai kama da giwa, irin wadda ya haƙo a jihar New York a 1801. Kayan fentinsa kuwa ya ajiye su gefe a kan tebur. Mutumin da ya sha zana George Washington ido da ido, amma da tsufa ya zo, da tsuntsaye da ƙashi ya zaɓi yin tinƙaho!

Abin da ya tuna mini da kai, ɗan gidan dukawa, shi ne asalinsa ɗinkin sirdi ya koya a Annapolis, kuma da sirdi guda ya biya ladan koyon zane. Daga nan ya wuce Landan wajen mai zane Benjamin West a 1767. Ya dawo ya shiga yaƙin neman 'yancin Amurka, har ya zana kansa cikin kayan soja. 'Ya'yansa ma sunayen masu zane ya raɗa musu, su Rembrandt da Rubens.

Washegari na je babban gidan zanen garin don ganin Yarrow Mamout, dattijo Musulmi da aka kamo daga Afirka ta Yamma aka bautar, wanda Peale ya zana a 1819 bayan dattijon ya sami 'yanci. Hular saƙa, murmushi ƙasa-ƙasa, sak dattawan bakin masallacin unguwarmu. Na daɗe a gabansa fiye da gaban mai labule. Kuma shi kansa Peale ya taɓa mallakar bayi, abin ya tsaya mini a rai.

Ka gaida Hajiya. Idan ka sami mai zuwa, a taimaka da yajin daddawa.

Naka har kullum.