Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Ɗaliban Ilimin Duwatsu, Jidda

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Bana ƙarfinmu ya tafi ne kan koya wa ƙannenmu sababbin shiga awon fili da zana taswira da hannu. Wasu sun tambaya me ya sa za a sha wahala alhali kowa na da GPS a waya. Amsarmu ita ce, wanda bai iya kamfas (na'urar nuna arewa) da tef na awo ba, ranar da na'ura ta ba shi lambar banza ba zai gane ba.

Da ƙidayar takun ƙafa muka fara. An shimfiɗa tef na mita 100, kowa ya taka ya dawo, ya rubuta adadin takunsa a bangon littafin filinsa. Sannan aka shiga karatun kamfas: in ka ɗauki kusurwa daga tasha, wato wurin da ka tsaya awo, zuwa ta gaba, sai ka juyo ka ɗauki ta baya, kuma dole bambancinsu ya zama digiri 180. Kowane rukuni ya zagaya fili ya dawo kan turken da ya faro, ya zana a ma'aunin 1:1,000, wato santimita 1 a takarda daidai da mita 10 a ƙasa. In layin ƙarshe bai faɗo kan turken farko ba, ba a ɓoye giɓin. Ana auna shi, a raba shi kan tashoshin.

Fitar da ta fi amfanar mu ita ce ta Harrat Rahat, filin baƙin dutsen da ya miƙe kudu da Madina, inda dutse ya yi aman wuta a shekarar 1256, wato 654 bayan Hijira. Can wani rukuni ya ga kusurwar gaba da ta baya sun ƙi jituwa. Da aka ɗaga kamfas ɗin daga kan dutse zuwa ƙirji, sai allurar ta karkata a gaban idon kowa. Dutsen na ɗauke da ma'adinin ƙarfe mai jan maganaɗisu. Tun daga ranar ba wanda ya sake ɗora kamfas a ƙasa, ko ya karanta shi kusa da guduma ko mota.

Saboda zafi, bayan sallar asuba ake fita, kafin azahar an tattara.

Kuɗin mota da ruwa daga gudummawar wata-wata suka fito. Iyayenmu Hausawa mazauna Madina su suka sauke mu, suka ciyar da mu. Allah Ya saka musu da alheri.

Abin da ya rage shi ne awon karkatar shimfiɗun dutse, wanda har yanzu hannun da yawa bai faɗa ba, ga kuma ƙarancin kamfas. Baɗi, in Allah Ya kai mu, muna son zuwa ramin Wahba, wanda fashewar aman wuta ta bari, mai faɗin kusan kilomita 2, don koyon zana layukan tudu da gangare. Mai sha'awa ya ba ma'aji sunansa, ya zo da littafin filinsa na bana.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya