Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Kwalejin Koyon Aikin Likita

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Shekarata shida a ɗakin gwaje-gwajen kwalejin nan, kuma sau huɗu ke nan ina sa hannu a kwantiragi, kowanne da ranar ƙarewarsa a rubuce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

In an ambaci kwalejin likita, likitoci da farfesoshi ake hange. Amma kai ka san su wa ke ɗauke da bincike a ka: nas mai ɗibar jini, mai shigar da bayanai a kwamfuta, masanin ƙididdiga, da wanda ke zaunar da uwa ya karanta mata takardar amincewa layi bayan layi, har ta gane tana da ikon cewa a'a ba tare da an hana ɗanta magani ba. Tun 1964 Sanarwar Helsinki, wato takardar ƙa'idojin binciken lafiya a kan mutane, ta wajabta neman yardar mutum kafin a sa shi a bincike, sai dai ita takarda ba ta da baki, dole wani ya zauna ya yi bayanin. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, sai da aka gwada shi a kan yara sama da 15,000 a cibiyoyi 11 cikin ƙasashen Afirka bakwai. Kowane yaro a cikinsu akwai wanda ya auna zafin jikinsa, ya rubuta, ya bi shi har gida da ya ƙi dawowa.

Wani dare, wajen ƙarfe biyu, ƙararrawar firizarmu ta kaɗa. Samfuran jini na shekara uku ne a ciki, waɗanda dole su zauna a digiri 80 ƙasa da sifili. Abokiyar aikina ita kaɗai ta kwashe su zuwa wata firizar, akwati-akwati, yatsunta duk sun sandare. Ko ɗaya bai lalace ba. Bayan wata uku kuɗin tallafin binciken ya ƙare, aikinta ya ƙare tare da shi. Da sabon tallafi ya zo, aka ɗauko wani aka fara koya masa daga farko.

Ranka ya daɗe, duk tallafin da ya shigo akwai kason da kwaleji ke cira na gudanarwa. A ware wani abu daga ciki a kafa sashen dindindin na ma'aikatan bincike, da matakan ƙarin girma, ta yadda in wannan bincike ya ƙare mutum zai koma wancan, ba gida ba.

Sai maganar guraben aikin kansu. Yawanci ba a jin labarinsu sai an cike su, alhali ga matasa nan da digirin ilimin ƙananan halittu, da ƙididdiga, da aikin jinya, suna yawo da takardu a ambulan. A riƙa sanarwa a fili a shafin kwaleji na intanet, a faɗi sharuɗɗa da albashi da tsawon kwantiragi da ranar rufewa. Wanda bai san kowa a ciki ba shi ma ya samu ya zauna gaban kwamitin tantancewa.

Nawa kwantiragin saura wata biyar. A shirye nake in zo ofishinka da jerin ayyukan da kowane bincike ke buƙata, in ka ba ni lokaci.

Naka,
Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje