Shiga da sauƙi, fita da wuya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in koka kan manhajojin da ake biyan kuɗinsu wata-wata.

Kwanakin baya na yi rajista da wata manhajar kallo, aka ce gwaji ne kyauta na mako ɗaya. Lambar kati kawai na sa, shi ke nan. Ranar da na tashi fita kuwa, na sha wuya. Maɓallin sokewa yana can ƙarshen wani shafi, da ɗan rubutu siriri mai launin toka. Na danna, aka tambaye ni dalili, aka yi mini tayin rangwame, aka sake tambaya ko na tabbata. Wata na ƙarewa sai ga saƙon banki, an sake cire kuɗi. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Da gangan ake tsara haka don mutum ya gaji ya haƙura. Tun Yulin 2022 dokar Jamus ta wajabta wa kamfanoni sanya maɓallin sokewa a fili. A Amurka ma FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ta maka kamfanin Amazon a kotu a 2023 kan wahalar fita daga Prime, tsarin rajistarsa da ake biyan kuɗi.

Ina roƙon hukumomin kare haƙƙin masu saye su tilasta irin wannan maɓalli, bankuna kuma su ba mu damar tsayar da cirewar da kanmu daga waya.

Naka mai karatu a kullum.