A tambayi wanda aka yi wa aiki, shi ma yana da abin faɗa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan ɗakin tiyata ne a Maraɗi, kuma muna kira ga masu bincike a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da asibitocin jihar da su jawo marasa lafiya da masu jinyarsu cikin binciken tiyata tun daga tsara tambayoyi.

Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan mutum 11,422 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na samun matsala bayan aiki, kashi 2.1 cikin ɗari kuma sun rasu. Mafi yawansu ba a kan tebur suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. A waɗannan kwanakin, wa ke gefen gado dare da rana? Mai jinya.

Ga batun ruɓewar ciwo. Ƙa'ida ita ce a bi sawun wurin ɗinki har kwana 30. Matar da aka ciro wa jariri ta hanyar tiyata kuwa, kafin mako ta koma Dakoro ko Mayahi. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, ya fara fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya kama ta, asibitin ƙauye za ta je ko wurin mai magani, mu kuma rajistarmu na cewa ta warke. Lissafinmu ya gurgunce ke nan. Gyaran ba tsada: a karɓi lambar waya biyu, tata da ta mai jinya, a kira a rana ta 7 da ta 14 da ta 30, a yi tambayoyi kaɗan da Hausa.

Su kansu tambayoyin, waɗanda aka taɓa yi wa aiki ne ya kamata su tace su. Kafin allurar barci ana son awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa. In ka ce wa dattijo, "Baba, kun ci abinci?" zai ce a'a, alhali ya sha fura da asuba, don a wurinsa tuwo ne abinci. Furar nan kan iya tasowa ta faɗa huhu yana cikin barci. Haka sassaƙe da jiƙo: ba mai faɗa sai an kira sunansu.

Takardar tantance matakan tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai abubuwa 19, wadda ta fito a 2008, ta fara ne da bakin mara lafiya: ya tabbatar da sunansa, da wurin da za a yanka, da irin aikin, da yardarsa. Mai ƙaba a dama ya nuna da hannunsa, a sa alama yana kallo. Kunya da ganin girman likita kan sa mutane su yi shiru, saboda haka a zauna da su a ji yadda za a tambaye su har su amsa.

A sa aƙalla tsofaffin majinyata biyu, mace da namiji, cikin kwamitin kowane bincike, a biya musu kuɗin mota, kuma in an gama a karanta sakamakon da Hausa a gidajen rediyo.

Wasu ma'aikatan ɗakin tiyata,
Maraɗi