Ku daina yi mana kuɗin goro da 'yan ƙwaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Wallahi ban so rubuto wannan takardar ba, mai ɗakina ma cewa tayi in bari zuciyata ta huce tukunna, to yau kwana huɗu kenan ta ƙi hucewa. Maganar da baƙon nan naku ya faɗa a shirinku na rediyo ranar Lahadi da daddare ita ce ta tsaya min a wuya, da yace wai duk wanda ka gani yana bin kemis kemis yana tambayar tramol ko allurar penta mai kashe zafin ciwo to kar ma ka yi tantama ɗan ƙwaya ne, takardar likitan da yake riƙe da ita ma ta bogi ce. Kuma mai gabatar da shirin ko ya ce masa tsaya malam, sai ma dariya da yayi yace Allah ya shirya. Amin, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Amma ni ɗin nan da nake rubuto muku ina cikin masu bin kemis kemis ɗin, kuma takardata ba ta bogi bace, layi na bi tun asuba kafin likita ya sa mata hannu.

Ni tela ne, shekarata 36, da sikila aka haife ni. Mu bakwai Umma ta haifa, uku SS, cikin ukun nan saura ni kaɗai. Mutane sun ɗauka sikila ciwo ne mai tashi ya kwanta, a kai ka asibiti a sa maka ruwa, in abin yayi tsanani a ƙara jini, kwana biyar a sallame ka shikenan sai wani jiƙon. Wannan kashi ɗaya ne. Akwai wanda ba ya kwanciya. Tun 2016 likita ya ɗaga hoton ƙashina ya nuna min da biro, yace kan ƙashin cinyata ta hagu daidai inda yake shiga cikin ƙugu jini ya daina isa wajen, ƙashin yana mutuwa yana zaizayewa, kuma ba shi da magani sai aiki a cire a sa na ƙarfe. Da na ji kuɗin aikin dariya kawai nayi na karɓi hotona na fito. Tun daga ranar har yau ban san wani abu wai shi wayewar gari babu zugi ba. Wata rana kamar ana ɗaure wajen da waya ana ƙara matsewa, wata rana kamar an zuba tsakuwa a cikin gaɓar ina takawa tana niƙawa. Sallah a zaune nake yi. Keken ɗinki da ƙafar dama kaɗai nake takawa, in da wuta in sa mota, to wutar ma kun san halin da ake ciki.

Washegarin shirin naku, Litinin, naje kemis ɗin unguwarmu. Mutumin nan ya kai shekara goma yana ba ni magani, ya san Umma, yazo zaman makokin ƙanwata, kayan sallar yaransa ni nake ɗinkawa. Na miƙa masa takarda ya duba gaba ya duba baya kamar yau ya fara ganin irinta, ga mutane uku a tsaye suna jira, sai ya sauke murya yace "Tela kayi haƙuri, ai kaji abin da aka faɗa jiya a rediyo, ni yanzu na daina ajiye irin waɗannan, bana son abin da zai sa a rufe min shago." Nace masa "Alhaji ni ne fa." Yace "Na sani, wallahi na sani." Wata mata da ke gefena ta kalle ni sama da ƙasa, ta ga ramammen mutum ido rawaya yana dogara sanda, ta ja hannun yaronta ta matsa. Wannan kallon shi ne ya fi min ciwo. Idona rawaya ne saboda jinina yana saurin mutuwa, ramar kuma da ita na tashi, amma ku kun riga kun faɗa mata kamannin ɗan ƙwaya kuma na dace da su.

Kemis shida na shiga ranar. Na adaidaita kaɗai na kashe abin da ya kusa kuɗin ɗinkin riga da wando, na dawo gida hannu rabbana.

Kar ku ɗauka ban san ɓarnar da ƙwaya take yi ba. A layinmu nake, ina ganin yaran da suka lalace, akwai wanda ya fara koyon ɗinki a wajena yanzu in ka gan shi sai kayi hawaye. Lokacin da BBC suka fitar da binciken nan na kodin a 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a farkon watan Mayu, ni har murna nayi. Ashe murna ce ta koma ciki, don ruwan tari aka hana amma tsoron ya bi ta kan komai, har ƙwayar DF118 ta kashe zafin ciwo da likita yake rubuta min tayi wuyar gani. Shi tramol ɗin da baƙonku yake ta ambata kamar sunan shaiɗan, bai faɗa wa mutane cewa kala kala bane. Wanda hukumar kula da magunguna NAFDAC ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, shi likita yake rubutawa. Mai 200 da mai 225 da ake kamawa kwantena kwantena su ne haramtattu, su ne na 'yan shaye shaye. To ku zo unguwarmu ku gani da idonku, mai 50 ɗin nan na halak sai ka karaɗe gari baka samu ba, mai 225 kuwa ko ƙarfe ɗayan dare ne akwai inda za ka tsaya a miƙo maka ba takarda ba tambaya. An bar jaki ana dukan taiki. Wanda yake sha don maye bai taɓa rasawa ba ko kwana ɗaya, mu masu takarda mu ne muke kwana muna juyi.

Sai kuma tsada tazo ta hau kai. Daga 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira, dalar da take ɗari huɗu da wani abu a banki ta haye 1,500, kamfanin GSK masu Panadol suka ce sun tattara nasu ya nasu, Sanofi ma suka bi bayansu. Hydroxyurea da aka ɗora ni a kai don rage yawan tashin ciwon tun bara na ajiye shi, ba don likita yace in bari ba, aljihu ne yace. Folic acid da Paludrine kawai nake iya riƙewa. An ce shugaban ƙasa ya sa hannu a 2024 an cire haraji a kan kayan haɗa magani, mun ji a labaranku, muna dai jiran saukin ya iso layinmu. Mofin na ruwa kuwa, wanda shi ne in ciwon ya kai maƙura yake saukar da shi, sai manyan asibitoci ake samu, kuma sau nawa zan je famasi da takarda ace ya ƙare sai an kawo, yaushe za a kawo, Allah masani.

Kun san yadda ake rayuwa in babu? Bari in faɗa muku tunda ba ku tambaya ba. In na samu kati ɗaya na DF118 da reza nake raba ƙwayar biyu, da rana bana sha ko zan mutu, ina ajiyewa sai dare don da rana akwai hayaniyar shago da surutun yara tana ɗauke hankali, dare kuwa daga kai sai ƙashinka. Ruwa nake ɗirka kamar raƙumi. Hunturu in ya kama wando biyu nake sawa da safa, wanka da ruwan sanyi na manta rabona da shi. Man zafi kam har fatar wajen ta canza kala. Daren Litinin ɗin nan da na dawo ba magani, wajen ƙarfe biyu abin ya taso min gadan gadan, gas ya ƙare, mai ɗakina ta fita tsakar gida cikin sanyin nan ta hura gawayi ta dafa ruwa ta ɗura a gorar roba ta naɗe da tsohon zani tana ɗora min a ƙugu, in ta huce ta koma ta sake. Na cusa bakin filo a bakina don kar yara su ji. Ashe babbar, shekararta 8, idonta biyu, sai ji nayi daga ƙofa tace "Abba in tofa maka addu'a?" Ta zo ta zauna tana karanto Fatiha tana tofawa a ƙafar dama, ita ba ta ma san wacce ce mai ciwon ba, ni kuma ban gyara mata ba. Haka muka ga asuba mu uku.

Za ku ce ai ga diclofenac ga ibuprofen ko'ina akwai. Akwai kam, kuma na sha su har suka huda min ciki, olsa ta kama ni, likita yace in na cigaba ƙoda ce za ta biyo baya, dama mai sikila ƙodarsa a lallaɓe take. Paracetamol kuma ga irin wannan ciwon kamar ka watsa cokalin ruwa ne a gobarar kasuwa. Allurar penta da ake yi mana a asibiti ita ma ba abin so bace, na san 'yan uwana masu sikila da ta kama su, cinyoyinsu duk sun ƙandare sun zama gyambo saboda yawan tsira. Amma ku tambaya mana ya akai suka kai nan. Mutum yazo yana kuka sista tace ai kai kullum kana nan, ka cika raki, ko dai allurar ce ta kawo ka, a bar shi a benci awa uku, gobe in ciwon ya tashi kana ganin zai dawo? Zai nemi mai yi masa a gida ne.

Zan faɗi wani abu da ko Umma ba ta sani ba. Sau ɗaya, damina biyu da suka wuce, na aiki wani yaro ya siyo min mai 225 ɗin. Kwana uku kenan ban runtsa ba. Na raba shi huɗu na sha ɗaya, ciwon ya lafa kam ba zan yi ƙarya ba, amma amai da jiri da na yi da yadda zuciyata take bugawa sun tsorata ni, ga shi daga baya likita ya faɗa min in yayi yawa har jijjiga yake sawa kamar mai farfaɗiya, kuma ba wanda ya san me aka zuba a cikinsa. Sauran ukun a masai na zuba su. In baƙonku yana so ya kira ni ɗan ƙwaya saboda wannan daren bismillah, amma ya fara kwana uku da ƙuguna tukunna sai muyi maganar.

Awa ɗaya cur kuka yi, kun kawo jami'i kun kawo malami kun kawo mai ƙungiyar matasa, babu likitan jini ko ɗaya, babu mai ciwo ko ɗaya. Ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 duk shekara, wadda tafi kowace ƙasa a duniya yawansu, ace gidan rediyo ba ya tuna mu sai 19 ga watan Yuni, ranar sikila ta duniya, tazo a kira mu jarumai a ɗauki hoto a watse. Dokar gwaji kafin aure da gwamnan Kano ya sa wa hannu a 2024 abu ne mai kyau, ni kaina sai da na tabbatar mai ɗakina AA ce kafin a kai kuɗi, amma wannan ta waɗanda ba a haifa bane. Mu da muka riga muka zo fa? Kuma ba mu kaɗai bane, a layin famasi ina haɗuwa da masu ciwon daji, akwai wata dattijuwa da ɗanta yake goyo ya kawo ta, ita ma in an bi maganar baƙonku ai 'yar ƙwaya ce.

Ku sake shirin. Ku kawo likita da mai haɗa magani su bambance wa mutane na halak da na haram, ku faɗa wa masu kemis masu rajista cewa ba wa mai takardar gaskiya magani ba laifi bane, ku kawo ɗaya daga cikinmu ya zauna a kujerar nan yayi magana da bakinsa. In kun rasa ni zan zo, a dai turo abin hawa don benen ofishinku ma sai an riƙe ni.

Sannan dan Allah wannan layin wayar taku ku duba shi. Daren shirin nan sau goma sha ɗaya na kira, sau biyu ta shiga aka bar ni ina sauraron kiɗa har katina ya ƙare, amma kullum mutum biyar ɗin nan dai su ne suke samun shiga, sai sun gama gaida surukansu da 'yan majalisarsu da mai shayin bakin layi sannan ace lokaci ya tafi. Ko lambar tasu daban ce ku faɗa mana mu sani. Haka labaran wasanni da kuka mayar ƙarfe goma sha ɗaya ba sanarwa ba komai, yaran shagona har yau suna min mita kamar ni na canza.

Jiya wani abokina shima mai sikila ya aiko min ƙwaya huɗu cikin nasa. Na sha rabi, saura uku da rabi, ranar ganin likitana kuma sai Talata ta sama.

Naku mai sauraro,
wani tela daga cikin birnin Kano