Malam Edita, Wa Ya Taɓa Jin Jimlar Rawa?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na rediyo na daren Laraba ya jawo mini aiki. Baƙonku ya yi daidai da ya ce kalmar Turancin nan ta "phrase" tana da mazauni uku, nahawu da kiɗa da rawa. Mai gabatarwa ne ya ɓata miyar, ya kama kalmar jimla ya yi ta jefa ta ko'ina: jimlar magana, jimlar kiɗa, kai har da jimlar rawa!

Washegari na shiga aji biyu na babbar sakandare, na rubuta "farar rigar Malam" a allo, na ce mene ne wannan? Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari ta ɗaga hannu ta ce jimla ce. Na ce wa ya gaya miki? Ta ce a rediyo ta ji jiya, babanta ma yana wurin. To ni su wa da zan ja da rediyo da uba a lokaci guda? Zango guda cur na yi ina fama da yaran nan su gane yanki daban, ganga (wato "clause" a Turanci) daban, jimla daban. Idan ka ce "farar rigar Malam" ka yi shiru, mai ji zai zuba maka ido yana jira, ta yi me? Yankin suna ke nan. Sai ka ƙara "ta yage" sannan magana ta cika ta zama jimla. Irin wannan ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO, kuma mai duba takarda ba ya ba da maki a kan "a rediyo na ji".

Ina zaton na san inda aka yi tuntuɓe. A Faransanci kalmar nan ta "phrase", da rubutunta iri ɗaya sak, cikakkiyar jimla take nufi, don haka masu sauraronku na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci ƙila ba su ji komai ba. Larabawa ma, waɗanda muka ari kalmar jimla a wurinsu, suna kiran yankin kiɗa da ita. Amma baƙonku Ingilishi yake wa bayani, kuma a nahawun Ingilishi yanki take nufi.

Na kiɗan ne ya fi yi mini ciwo, domin ni jikan makaɗi ne. Kakana kalangu yake yi wa mahauta, ni kuma tun ban fi shekara tara ba nake riƙa masa kurkutu ranar kasuwa. Abin da Turawa suke nufi da "phrase" a kiɗa shi ne gwargwadon abin da mawaƙi zai rera da numfashi ɗaya kafin ya ɗan sauka, kuma sau da yawa biyu suke zuwa, na farko kamar tambaya, na biyu kamar amsa. Wannan baƙon abu ne a wurinmu? Jagora ya jefa saɗara, 'yan amshi su cafe, a zuba ɗan waƙa a dawo gindi. Kakan nawa zai matse kalangu a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauko, yana kaɗa taken wani mahauci, mutumin na can bakin tukuba ya saki wuƙa ya ɗaga hannu don ya ji an kira shi. In na yi garaje na shigo kafin ya dire, sai in ji makaɗi a tsakar kaina, ƙwas! Ya ce, "Ɗan nan, bari gaɓa ta sauka tukuna." Gaɓa yake cewa. Har Allah ya karɓi ransa ban taɓa jin jimla a bakinsa ba, sai in an zo rabon kuɗi da yamma.

Wani zai ce ai gaɓa ma tana da ma'ana da yawa, ga gaɓar kalma, ga gaɓar jiki. Haka ne, kuma da mai gabatarwa ya tsaya ya yi tunani, da nan ya samu abin faɗa mai daɗi, ya nuna mu ma muna da kalma ɗaya mai hidima uku.

Rawa kuwa, masu koyar da ita a Turai sukan ƙirga ɗaya zuwa takwas su sake komawa ɗaya, jerin motsin da ya cika ƙirgen shi suke kira "phrase". Mu muna da taku, muna da juyi. Je ka sami ɗan koroso ya gama tsalle ya dira daidai saukar kiɗa, ka tambaye shi jimlar rawarsa, wallahi kuɗin liƙi zai fara lissafa maka.

Don Allah ku gyara a shirin Laraba mai zuwa, kuma a faɗa a fili cewa an yi kuskure, ɗalibata tana nan tana saurare. Ku riƙa tuntuɓar malaman Hausa kafin a hau iska, ga su nan birjik a jami'o'i da kwalejojin ilimi.

Sannan maganar layin wayarku. Sau shida na kira a daren, biyu sun shiga, aka bar ni ina hello hello har katina na ɗari biyu ya ƙare. Ina cikin wannan takaici kuma kuka katse baƙon yana tsakiyar magana, kuka sako tallar maganin basir har sau biyu a jere.

Naku mai saurare kullum,
wani malamin Hausa daga Funtuwa