Karaya kusa da ƙarfen ƙugu ba ta maɗori ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ba da labarin abin da ya sami yayata a daminar bara. Ciwon sikila ne ya cinye mata kan ƙashin cinya, har aka yi mata aikin sauya ƙugu, aka sa mata na ƙarfe, shekara 6 da suka wuce. Ta miƙe sarai, ta koma suyar ƙuliƙulinta. Rannan santsi ya kwashe ta a bakin makewayi, ta kasa tashi.

Maɗori muka kira, kuma ba na ganin laifinsa, shi ya ɗora mini hannu lokacin da na faɗo daga kabukabu. Ya ja ƙafar, ya shafa man shanu, ya ɗaure da kara. Kwana 19 Yaya ba ta runtsa ba kafin mu kai ta a yi mata radiyo, wato hoton ƙashi.

A nan likitan ƙashi ya zaunar da ni. Ashe ƙarfen yana da doguwar jela da aka soka cikin ɓargon cinya. Idan ƙashi ya karye a kewayensa, abin da suke fara dubawa shi ne, jelar tana nan daram ko ta yi kwance? In tana daram, sai a ɗaure ƙashin da fallen ƙarfe da kusoshi da waya. In tana girgiɗi, dole a zare ta a sa wadda ta fi tsawo, ta zarce wurin karayar. In kuwa ƙashin ya zaizaye, har da ciko ake yi masa. Komai gwanintar hannu, yaya za a yi maɗori ya gane wannan ta bayan fata? Ga haɗarin doguwar kwanciya: gyambon baya da daskarewar jini a jijiya.

Jelar ƙarfen Yaya dai girgiɗi take yi. Sai da muka sayar da gonar gado don biyan kuɗin aikin. Takardar da ke ɗauke da sunan ƙarfen da girmansa ma ta ɓace mana, nemanta ya ci mako guda. Don Allah masu ƙarfe a jiki, ku adana taku kamar takardar fili.

Ina kira ga gidajen rediyon Maraɗi su gayyato maɗora da likitoci zama ɗaya. Maɗori in ya ga tabon aiki a ƙugu, ya ce a wuce asibiti. Yaya dai yanzu da sanda biyu take takawa, ƙafar kuma ta ɗan gajarce.

Naku,
Wani tela, unguwar Bagalam, Maraɗi